Furen Bado Mai Ɗauke da Sunana

Chiayi, 12 ga Nuwamba, 2018

Zuwa ga Yaya Mei-chu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya gwiwar nan taki, tana barin ki hawa bene? Yaya maigida da jikoki? Ni lafiyata ƙalau, sai dai raina ne a ɓace, kuma ke kika ɓata shi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali gidanki da nawa tafiyar minti goma ce. Ke kika cire ni daga zauren wayarmu na 'yan rawar safe, kika kuma toshe lambata. To, gidan waya bai toshe ni ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, tun muna 'yan mata a masaƙa, kin san ba na haɗiye magana.

Shekara huɗu ke nan ni ke tura wa zauren hoton barka da safiya. Da ƙafata nake zuwa bakin tafki in ɗauki furen bado, in rubuta gaisuwa a kai, in sa sunana ƙanƙane a kusurwa. Ran nan kika ce in ba ki ɗaya wanda babu rubutu, na zaci jikarki za ki yi wa barka. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo cike da jan rubutu. Wai in aka yarda da auren jinsi a ƙuri'ar raba gardamar nan, za a hana yara cewa baba da mama. Wai baƙi masu cuta za su cika asibitocinmu su cinye inshorar lafiya. Sunana kuwa yana nan a kusurwa, babu wanda ya goge.

Kin fi kowa sanin aikin 'yata Pei-shan a jami'a a Taipei. Irin waɗannan saƙonni take tattarawa tana nazari. Hoton ya yi ta yawo har ya faɗo hannunta daga wani zaure a Hualien. Ta kira ni ta ce, "Mama, wannan ba badon tafkin bayan makarantarmu ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "To, na gode." Ta kashe wayar. Yau kwana tara ban ji muryarta ba.

Shi ya sa na rubuta abin da na rubuta a zauren, kuma ban yi nadama ba. Na ce Hui-wen da muke ta kira abokiyar hayar Pei-shan ba abokiyar haya ba ce, shekara takwas suna zaman iyali. Ban faɗi abin da ba ki sani ba. Ke ce uwar riƙon Pei-shan, ta fara ce miki Inna kafin ta iya cewa Mama. Ke kike ɗaura musu ƙunshin shinkafa a ganye duk bikin tseren kwale-kwale, har ki ce na Hui-wen a rage kitse. Yaushe suka zama baƙi masu cuta?

Abu ɗaya nake nema. Ki shiga zauren ki ce hoton nawa ne, amma maganar ba tawa ba ce. Layi ɗaya ya isa.

Ki gaida maigida. Ki daina tsallake maganin hawan jini.

Ƙanwarki,
Pi-hsia

Chiayi, 3 ga Disamba, 2018

Yaya Mei-chu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina fatan sanyin da ya fara shigowa bai tayar miki da ciwon ba. Ban ga amsarki ba, ban kuma ji an ce kin rubuta layin nan ba.

Barkanku da nasara a ƙuri'ar raba gardama. Na ji an kai shinkafa da naman talotalo lambun da muke rawa an yi shagali. Ni ina Taipei a lokacin. Na gaji da jiran waya, na hau jirgin ƙasa na je na buga musu ƙofa. Hui-wen ce ta buɗe, idonta a kumbure, amma sai da ta karɓi jakata ta ce, "Mama, da kin faɗa ai da na zo tasha." Muka ci abinci. Sannan Pei-shan ta ja ni ɗakin aikinta.

Yaya, bango guda ta cika da saƙonnin nan, ta buga su a takarda ta lilliƙa. Ta nuna min naki, ta nuna min 'yan'uwansa sun fi arba'in. Magana ɗaya ce, har kuskuren rubutun iri ɗaya. A wani an ce 'yar maƙwabciya mai aikin jinya ce ta faɗa, a wani ɗan ƙane likita, a wani malamin firamare. Babu wanda ke ɗauke da sunan wanda ya ƙirƙira. Sunayenmu ne kawai a jiki, mu tsofaffi masu fure.

Ta ce in daina tambayar ko gaskiya ne, in fara tambayar wa ya rubuta, wa zai ci riba, kuma me ya sa aka ɗora shi a kan gaisuwar safe maimakon jarida. Na ce, "Ke 'yar nan, ni ajin firamare shida na yi." Ta ce, "Mama, ke da kike gane kifin jiya daga nesa?" Sai na zauna na yi tunani. Jarida ana musu da ita. Gaisuwar ƙawarki ta shekara arba'in ba a musu da ita, turawa ake yi. Kuma sun san inda ke mana ciwo. Wace tsohuwa ce a zauren nan ba ta tsoron ranar da babu mai ce mata Mama, ko ranar da za ta je asibiti a ce babu gado? Ba su kawo mana sabon tsoro ba, namu na gida suka ɗauka suka liƙa wa 'ya'yanmu.

Kada ki zaci na dawo ina yi wa ɗaya ɓangaren tafi. Rabin bangon nasu ne. Sun zana mu da haƙora biyu da waya a juye, wai a ƙwace wa kakanni wayoyi sai bayan zaɓe. Na ce, "Waɗannan marasa kunyar fa, naku ne?" Ta ce, "Namu ne, kuma su ma suna cikin littafin da nake rubutawa." A cewarta wasu na tallar tsoro, wasu na tallar raini, kuma duk mai neman kujera ya fi son a daina magana a teburin cin abinci. Nan na tuna mutumin da ke kawo mana huluna da ruwan kwalba daga ofishin ɗan takara. Na gan shi yana nuna miki wayarsa a ƙarƙashin bishiya. Ban ce shi ne ba, ke kika sani.

Pei-shan ta yarda ba ni na rubuta ba. Amma ta tambaye ni wa na ba hoton. Na ce na manta. Tunda na haife ta ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kanki, kuma abin yana ci na. Da zan taho har ta ba ni man zafi ta ce in kai wa Inna saboda gwiwa. Ga shi nan cikin ƙunshin.

Na koma rawa. Ina tsayawa a layin baya ni kaɗai, ina kuma ɗaga hannu fiye da kowa.

Taki,
Pi-hsia

Chiayi, 9 ga Yuni, 2019

Yaya Mei-chu,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida. Na ji an yi miki aikin gwiwa, an ce kin fara takawa da sanda. Na yi murna ƙwarai, ko da yake a bakin mai sayar da awara na ji.

Kin san duk da ƙuri'ar nan, dokar auren jinsi ta wuce a watan jiya. Pei-shan da Hui-wen sun je ofishin rajista sun sa hannu. Na tsaya a bayansu da rigata ja, na yi kuka har ma'aikaciyar ta miƙo min takardar goge fuska. Ina sanar da ke cewa da muka fito 'yata ta ce min Mama, kuma babu wanda ya kama ta.

Shekara talatin ina cin kek ɗin auren 'ya'yan mutane. Duk wadda ta aurar da 'ya a zauren nan ta kawo min akwatina, na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya ba da zaman lafiya, ko da angon bai kwanta min ba. To, nawa lokacin ya zo. Na sa an yi min mai ƙwai da mai jan wake a tsohon shagon bakin kasuwa, na ɗora a babur na kai lambu ranar Talata. Wasu sun karɓa sun rungume ni. Wasu sun karɓa sun cusa a jaka kamar kayan sata. Uwargidan Ko ta ce ita sukari ya hana ta. Na ce, "Bara da na 'yar Su-luan ya zo, akwati biyu kika tafi da shi, ko a lokacin sukarin ya tafi hutu?" Aka yi dariya, ba ta karɓa ba, ban kuma roƙe ta ba.

Naki ne ya rage, shi ne tare da wannan takarda. Dubi murfin. Ba rubutuna ba ne, Pei-shan ce ta rubuta sunanki da hannunta. Za a yi walima ranar ashirin da tara ga wata, kuma ta ce ke take so ki taje mata kai da safe ki fito da ita, don ke kika yi mata kitson farko na shiga makaranta. Ta ce in ba za ki iya tsayuwa ba za a kawo kujera. Har yau ba ta san ke na ba hoton ba.

Na daina neman layin nan a zaure, ki riƙe abinki. Amma na gama yi miki ƙarya. In kin ci kek ɗin, ki zo, ki gaya mata da bakinki kafin ki taɓa kanta. Na san 'yata, za ta yi fushi, kuma za ta zauna ki taje. In kuwa mayarwa za ki yi, kada ki aiko min da shi, ba zan buɗe ƙofa ba. Ba ni na ba ki ba. Su Pei-shan suna zuwa gida ranar Asabar. Ki kawo da kanki, ki dubi yarinyar da kika goya, ki miƙa mata.

Ina miki fatan samun sauƙi, kuma har yanzu ina ƙaunarki, shi ya sa abin ya ƙi wucewa.

Ƙanwarki, uwar amarya,
Yeh Pi-hsia