Shanun Baffa na jikin dutse

Litinin, 6 ga Mayu
Baffa ya sake ɓacewa. Na bar ɗinkin mutane, na hau bayan babur ɗin Haliru, maigidana, muka tarar da shi gindin dutsen bayan gari, inda mutanen da can suka zana shanu da jar ƙasa. Yana zaune yana musu magana, wai nasa ne. Mutumin da garkensa ya ƙare tun ina goye! Tsufa dai.

Alhamis, 9 ga Mayu
Yau da butar alwalata ya tafi. Shayar da su yake yi.

Asabar, 11 ga Mayu
Wata Malama Sharifa daga jami'a ta zo ɗaukar hoton zanen, ta biyo ni har gida. Wai ruwan da Baffa ke zubawa yana cinye launin, abin da ya girmi kakannin kowa. In hana shi. Na ce, "Malama, ga shi can, bisimilla." Ta je. Ta dawo ta san sunan kowace saniya, buta kuma tana hannunsa.

Talata, 21 ga Mayu
Ya faɗi a hanya da tsakar rana, masu kai kaya kasuwar Dogon Daji suka ɗauko shi. Haliru ya sa kwaɗo a ƙofa. Ni na ce a sa, kuma ban yi nadama ba.

Juma'a, 24 ga Mayu
Ya ƙi tuwo, ya ƙi fura. "Naja'atu, mi nika ci, su suna da ƙishirwa?" Na ce dutse ba ya jin ƙishirwa, Baffa! Ya juya fuska bango. Kaina kamar ya tsage.

Lahadi, 2 ga Yuni
Zazzaɓi ya kwantar da shi. Na fita sayen zare, sai na gan ni gindin dutsen. Ban taɓa tsayawa na duba ba. Manyan ƙahoni, mutane sirara da sanduna. Ƙarƙashin wata saniya akwai ɗan maraƙi yana tsotso, ya kusa gogewa.

Da na dawo ya ce, "Lafiya suke?"

Na ce, "Lafiya lau. Guda ma ta haihu."

Ya ce, "Mace ko namiji?"

Ban lura ba. Ya shanye furarsa tas, yana faɗan wai ban iya kiwo ba. Gobe da sassafe zan koma in duba. Don ya daina damuna ne kawai.