Likita Ya Tambaye Ni Ko Ina Shan Giya

Anti Muhibba, assalamu alaikum. Ki yi mini afuwa da na ɗora miki damuwata. Ban saba kai kuka jarida ba, amma abin ya tsaya mini a wuya, ki taimake ni.

Ni matar aure ce a Lugbe, na haura hamsin. Ban yi nisa a boko ba, amma na sauke Alƙur'ani tun ina budurwa. Kwanaki kasala ta dame ni, sai mijin 'yata, Umar Farouk, ya kai ni wani sabon asibiti a Garki, mai sanyi kamar firji. Aka ɗebi jini. Likitan, yaro sa'an ɗana, ya ce lambobin hantata sun hau. Yana rubutu, ko ɗago kai bai yi ba, ya tambaye ni wai ko ina shan giya. A gaban surukina, Anti! Ni da ko ta gaban mashaya na bi sai na toshe hanci. Har yau na kasa haɗa ido da surukin nawa.

Ya ce in dawo a ƙara gwaji. Ni kuwa a bakin ƙofa na rantse da Allah ba zan sake taka wurin ba. Yanzu maƙwabciyata Christina, Allah ya saka mata, tana kawo mini jiƙon saiwa daga Kwali na wanke hanta, ina sha safe da yamma, tare da ƙwayoyin ciwon gwiwa da na daɗe ina saye a kemis. Amma kasalar ƙaruwa take. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Mai Damuwa, Lugbe.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Likitan ya yi rashin ladabi, ya kamata ya fitar da surukinki tukuna. Amma tambayar ba tuhuma ba ce, ko limamin Juma'a ne sai an yi masa ita.

Na tuntuɓi wata likita. Ta ce lambobin suna nuna hanta na shan wahala ne kawai, ba sa faɗin dalili. Yana iya zama kitse, ko cutar hanta mai bin jini, ko magani. Shi ya sa ake son ƙarin gwaji da hoton ciki. Ba giyar da ba ki sha ba ce ta tsorata ni, abin da kike sha ne. Ki ajiye jiƙon nan yau, ki kwashe shi da ƙwayoyin ki nuna wa likita. In idonki ya yi rawaya, kada ki jira gobe.

Rantsuwa kuwa, kin fi ni sanin tana da kaffara. Ki ciyar da miskinai goma ki koma, ko ki nemi likita mace, 'yarki ta raka ki. Kunya tana wucewa, Hajiya, hanta kuwa guda ɗaya aka ba ki amana. Allah ya ba ki lafiya.