Makonnin da Aka Kulle Barsu

Kirkissoye, Yamai, ranar Litinin

Lawali,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ƴan lakwal ɗinka. Tunda ƙauyen da aka tura ka koyarwa ba rezon waya, na ba Mutari direba wannan takarda.

Baba yana nan yadda ka bar shi. Jiya ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa, na ce tana hanya. Me zan ce masa, matar da ta daɗe a kabari?

Amma saboda karyarka na rubuto. Barsu ba ta da lafiya. Jini nake gani ɗigo-ɗigo a tsakar gida, har kusa da inda nake shimfiɗa darduma. Bayanta ya kumbura, ba ta cin abinci sosai, sai kai da kawo tana kuka ƙasa-ƙasa. Karnukan kartiye, kaf unguwar, kuma sun taru a ƙofar gida kamar ana rabon sadaka. Alu maƙwabcinmu ya yi sallama da safe, ya ce yaransa tsoron fita suke yi.

Ka san ni da kare. Na baro Maraɗi don in kula da mahaifina, ba don jinyar karya ba. Ka faɗi abin yi da wuri.

Allah Ya tsare ka.
Yayarka, Hawwa

*

Zuwa ga Yaya Hawwa,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan ke da Baba kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya saka miki da alheri.

Yaya, ki kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne. Lokacin barbararta ne ya zo, warinsa ne yake kiran mazan. Zai kai mako uku. Ki sa ta a magazan bayan gida, ɗakin ajiyar nan, ki shimfiɗa mata tsohon buhu, ki riƙa sauyawa kina wanke ƙasan da sabulu. Kada ruwan sha ya yanke mata. In ta ƙi tuwo ki jiƙa shi da romo. Da safe da yamma ki fito da ita tsakar gida da igiya a wuya, ƙofar waje a rufe. Kada ki dake ta don tana kuka, ba ita ta ɗora wa kanta ba. In wani ya kawo miki ƙwaya ko allura daga kasuwa wai tana tsayar da abin, kada ki karɓa, tana lalata mahaifa.

Ki lura da wannan: idan jinin ya fara dushewa, kada ki ɗauka ta gama. Lokacin ne ma ita da kanta za ta nemi fita.

Abin da ya fi damuna Baba ne. Kin ga yadda yake fita da hantsi zuwa gonakin shinkafa. Ba hanya yake ganewa ba, Barsu ce take shiga gabansa ta juyo da shi in rana ta yi zafi. Muddin tana kulle, shi ma kada ya fita. Ki ɓoye makulli.

Ki gaishe mini da Baba, ko da bai gane daga wa ba.

Ƙanenki mai biyayya,
Lawali

*

Lawali,

Ina gaishe ka. Takardarka ta iso, na yi duk yadda ka ce.

To ga gidan ya zama kurkuku. Barsu tana kuka a magaza, Baba yana jijjiga ƙofar waje, ni ina tsakiya. Ya ce mini, “Ke wace ce da za ki kulle ni a gidana?” Ya ƙi cin abinci sai da na kai masa kwanon ƙofar magaza, ya zauna yana ci yana yi mata magana ta ƙasan ƙyaure.

Mazan sun ƙaru. Akwai wani ja mai yagaggen kunne, sau biyu ina tarar da shi a kan katanga. Shekaranjiya suka kaure da faɗa har suka ture teburin Kadi mai ƙosai, mai ya zube. Alu ya dawo, wannan karon bai yi sallama ba. Ya ce, “Hajiya, in ba ki fitar da ita daga layin nan ba, akwai masu maganinta.” Da la'asar na tsinci tsokar nama a gindin katangarmu, an barbaɗe ta da wani shuɗin gari. Ban ce shi ne ba, ban gani ba. Na haƙa rami na binne. Lawali, Baba yana tsintar abu a ƙasa ya kai baki.

Jinin ya fara dushewa, ita kuma ta fara tonon ƙasan ƙofa. Na gaji. Ka sa Mutari ya ɗauke ta ya kai maka, ko ka ce in ba wani.

Sai na ji daga gare ka.
Hawwa

*

Yaya Hawwa,

Bayan gaisuwa. Na karanta zancen naman, na kasa shiga aji. Kin fi ni gaskiya, ran Baba ya fi komai. Na yi magana da Mutari, in ya juyo ranar Asabar zai zo da kwando ya ɗauke ta. Kafin nan, don Allah, ki duba gindin katanga kullum kafin Baba ya fito. Ki yi mini haƙuri da nauyin da na bar miki.

Ƙanenki,
Lawali

*

Lawali,

Ina gaishe ka. Ka fara da sanin Baba yana raye, sannan ka karanta sauran.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga wanka. Makullin yana ƙarƙashin turmi, ashe ya ga inda nake sawa. Da na fito, ƙofar waje a buɗe, magaza a buɗe, ba shi ba Barsu. Layin kuma tsit, ko kare ɗaya babu.

Na fita ko takalmi ban sa ba. Na tambayi Kadi, ta ce ba ta ga tsoho ba. Na tambayi mai gyaran moto, bai gani ba. Kowa bai gani ba. Ina tsaye ina salati sai ga Alu a kan motonsa mai ƙafa biyu. Ya dube ni ya ce, “Ina karnukan?” Na ce ni Babana nake nema, ba karnuka ba. Ya ce, “Hajiya, hau. Karnukan za mu tambaya.”

Haka kuwa. Wanda bai lura da tsoho ba ya lura da garken karnuka. Mai shago ya nuna mana kwana, masu wanki suka nuna gangare. Wata Bazabarma mai ban ruwa a lambun ganyen salati ta ce, “Kare da yawa, sun bi can, bakin ruwa.” Da na ji bakin ruwa na ce wa Alu ya ƙara gudu.

Hayaniyarsu muka fara ji. Baba yana zaune a kan tudun da ya raba gonaki da gulbi, bayansa ruwa ne, taku kaɗan. Ya matse Barsu tsakanin gwiwoyinsa, yana kaɗa sanda, mazan sun kewaye shi suna cizon juna. Yana cewa, “Ku bar ta, marasa kunya!” Da wani kare ya matso sai Baba ya ja da baya, ƙasar kuma tana zaizayewa. Alu ya shiga cikinsu da moto yana danna oda, suka watse. Na kama rigar Baba. Sai a lokacin na ga jini a ƙwaurinsa. Jan nan ne ya cije shi.

Bazabarmar ta kawo sabulu da bokiti, muka yi ta wanke wurin har ruwan ya ƙare ta ƙaro. Alu ya goya shi a moto zuwa likita. An wanke, an yi masa allurar ciwon haukan kare, an ce za mu riƙa komawa har a cika. Likitan ya tambaya ko mun san karen. Na ce na titi ne. Ya ce ko rana ɗaya kada mu tsallake.

Barsu ni na jawo ta gida da ɗankwalina a wuyanta, tsakar rana, kaina a buɗe, mazan suna biye da mu, mutane suna kallo. Ban san abin da ya faru da ita a hanya kafin mu iso ba. Tana rawar jiki, na wanke ta da kaina.

Mutari ya zo yau da kwandonsa. Baba yana kwance da zazzaɓi, hannunsa a kan wuyan Barsu. Na ba Mutari wannan takarda, na ce ya tafi da kwandonsa.

Ka yi mana addu'a.
Yayarka, Hawwa

*

Lawali,

Gaisuwa. Na ga saƙonka, kada ka bar yara ka taho, hutu ya kusa.

An gama allurai, ciwon ya rufe. Jan karen ba wanda ya sake ganinsa, Alu ya zagaya har bakin gada bai same shi ba. Likita ya ce mu dai sa ido, don mai ciwon haukan kare kasa haɗiye ruwa yake yi. Ina sawa. Duk sanda Baba ya ɗauki kofi sai na tsaya na ga ruwan ya wuce.

Ƙofar gida ta koma shiru. Da hantsi mu uku muke fita, ita a gaba.

Cikinta ya fara fitowa. Ka zo kafin ta haihu, don ni ban san yadda ake karɓar haihuwar karya ba.

Allah Ya kawo ka lafiya.
Hawwa