Kajin Gidan Istifanus

Unguwar Kanawa, Kaduna
4 ga Yuli, 1956

Yaya Audi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, ina su Zuwaira? Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi na sati uku. Kada Inna ta ji.

Na ga umarninka cewa in tashi daga gidan Istifanus, akawun da nake haya wurinsa, kada ya ɓata mini tauhidi. Gaskiya kullum muna musu. Ya ce Linjila ta kira Allah Uba, na ce Alƙur'ani ya kore Masa haihuwa. Ya buɗe Attaurar Yahudawa, muka tarar can ma Shi ɗaya ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Mu biyun dai ba mu da wannan jinkirin.

Amma da zazzaɓin ya kwantar da ni na kasa tashi, matarsa Saraya ta kawo kaza har bakin gadona. Istifanus ya riƙe ta, ya fuskantar da ita gabas, na yanka da bisimilla, don kada in ƙi shan romon. Kaji huɗu suka tafi haka. Allah Ya saka musu.

Ka yi haƙuri, Yaya, ba zan tashi ba. A aiko da daddawar Inna, Saraya zan ba.

Ƙaninka,
Sabo