Bijimin da Babana Ya Ƙi Yankawa

Dona Iraci, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin a ƙauyenmu babu wanda zan gaya wa wannan magana, kowa ya riga ya ɗauki ɓangare. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi na bi kwalekwale.

Shekarata ashirin da bakwai, masunci ne ni a wani ƙauyen bakin tafki a nan jihar Maranhão. Gidanmu ne ke riƙe da wasan bijimi tun zamanin kakana, wanda ya yi wa Waliyyi Yohanna alkawarin yin sa duk shekara lokacin da babana yana jariri, rai a hannun Allah. Yanzu Baba ne jagora, shi ke waƙa, shi ke busa usur. Ni kuma ni nake shiga ƙarƙashin bijimin, in ɗauki gangar jikinsa ta itace a kafaɗa, zane ya rufe ni har ƙasa, in yi rawa da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Abokaina Kayan Ciki suke kirana, har yara sun ɗauka sunana ne na yanka.

Kin san yadda ake yi. A jajibirin ranar Waliyyi, cikin watan Yuni, a yi wa bijimi baftisma a buɗe sabuwar fatarsa. Ya yi rawa wata uku. A Satumba ya gudu ya ɓuya a wani gida, makiyayan wasa su nemo shi, a zarge shi da igiya, a ɗaure a turke, a yanka. A raba ruwan inabi a madadin jininsa, kowa ya yi kukansa ya tafi gida, sai baɗi a sake haihuwarsa.

Innata ce ke ɗinka fatar, baƙin karammiski da duwatsun ado da ƙyalƙyali. Da yake ba mu da hali, bayan yanka sai ta warware tsohuwar, ta tsince duwatsun, ta yi sabuwa da su. Fata ashirin da shida ta ɗinka, babu wadda ta rage sai ta bara. Akwai wasu shuɗɗan duwatsu a jikinta da suka girme ni. A ta baran ta zana tafkinmu, da balbela, da wani mutum mai malfa a cikin kwalekwale. Maƙwabta suka ce ai Seu Aristeu ne, wato Baba. Tana kwance a lilo tana tari ta ce, "Wa ya gaya muku? Wannan ai ya fi shi kyau, kuma yana dawowa gida da wuri."

A kan kujera aka kai ta ta ga baftismar. Ranar tara ga Yuli ta rasu.

Da Satumba ta zo, Baba ya ce a ƙara mako biyu. Aka ƙara. A tsakanin nan wani bidiyon rawarmu ya zaga a waya, wata mata daga birni mai shirya wasannin al'ada ta nemo mu. Ki sani, babana ne mutumin da ya taɓa korar wani mai otal da cewa, "Bijimina ba biri ba ne da za a riƙa yawo da shi." Yanzu kuwa duk inda aka kira, kafin a rufe baki ya ce mun amince. Yau muna cikin Maris, wata shida da wucewar lokaci, bijimi bai mutu ba.

Mun je Brasília. Mun je otal ɗin baƙi masu zuwa kallon tuddan yashi, masu sa safa cikin silifa, suna tafi a inda waƙa ba ta kai wurin tafi ba. Mun yi kwana biyu da yini a mota zuwa São Paulo, aka sa mu a bikin nuna tufafi, dogayen 'yan mata suna wuce ni da takalma masu dunduniya kamar ƙusa. Ba zan ce duk banza ba ne. A São Paulo ɗin 'yan jiharmu masu aikin gini suka zo da ƙurar siminti a ƙafa, wata tsohuwa ta sumbaci goshin bijimin ta ce shekara talatin rabonta da gida. Ranar na yi rawa kamar ƙafafun ba nawa ba.

Amma ga abin da ke hana ni sukuni. In za mu shiga mota, Baba ba ya yarda a sa fatar cikin kaya. Zai cire ta, ya ninke, ya ɗora a cinya, ya zauna gefen taga. Sai in ji shi ƙasa-ƙasa yana kiran sunan Inna, "Nilzete, kin ga gadar nan? Dubi tsawonta." Inna ba ta taɓa wuce São Luís, babban birnin jiharmu, ba. Kullum tana ce masa ya kai ta layin masu sayar da duwatsu a São Paulo ta zaɓa da hannunta, shi kuma ya ce bayan wasa. Shekara ashirin da shida ana bayan wasa. Da muka isa, ya sa fatar a jaka ya ce in raka shi. Ya tsaya a ƙofar wani shago, ya buɗe bakin jakar, ya tsaya kawai. Mai shagon ya ce, "Tsoho, saye ko sayarwa?" Baba ya ce, "Kallo muke."

Wanda ke ƙarƙashin bijimi abu biyu yake gani: ƙafafun mutane da bayan ɗinki. Na san Baba da buga dunduniya a ƙasa in amshi ya zo. Yanzu jan ƙafar hagu yake, ta kumbura, ya daina ɗaure igiyar takalmin. Ita kuma fatar, don wata uku aka yi ta. Zufata ta ci ta, ruwan sama ya ci ta, hannun masu ɗaukar hoto ya ci ta. Ina cikin rawa sai in ga dutse ya faɗo kusa da yatsana ya mirgina. In an tashi in bi ƙasa da rarrafe ina tsincewa. Gwangwanin kofi ya kusa rabi. Ina gyara ta ta ciki a ɓoye da zaren koma, ina bin sawun allurarta, amma karammiskin ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ba ya riƙe allura. Balbela ta rasa fiffike ɗaya. Mai kwalekwale ba shi da malfa. Baba bai gani ba, ko kuma ya gani ya yi shiru, ban sani ba. A cikin kuwa har yanzu akwai ƙanshin man zafin da take shafa wa yatsunta.

Yanzu an gayyace mu Portugal a watan Yuni, daidai ranar Waliyyi. Ke nan babu baftisma a gida, karo na farko tun kakana. Ƙarshen watan nan ake son amsa saboda fasfo. Mutanenmu sun fara zamewa, masu ganga uku sun daina zuwa. Goggo Dalvina, yayar Baba, ta tare ni a bakin tafki ta ce, "Kai, Kayan Ciki, kai ne ƙafafun bijimin nan. Zauna abinka, mu ga ko fiffike zai yi ya tafi Portugal ɗin. Ƙanena ya mai da matarsa 'yar yawon duniya bayan ta mutu, kai kuma kana ɗaukar masa kaya." Sau ɗaya na gwada yi masa maganar yanka. Bai ɗago ba, ya ce, "Sau ɗaya na binne ta. So kake in sake?"

Ni ma ban yi kuka ba tun ranar, ban samu sarari ba.

Dona Iraci, in na ƙi shiga, na kunyata shi a gaban jama'a, kuma na ƙwace masa abin da ya rage masa. In na ci gaba, fatar za ta ƙare a kaina, dutse bayan dutse, a ƙasar da ba a san ko sunan Inna ba. Ina da haƙuri, kowa ya shaide ni, amma ban san ko haƙurin nan taimakonsa yake ko cutarsa ba. Me zan yi?

Mutumin Cikin Bijimi, daga bakin tafki

*

Ɗana,

Allah ya ji ƙan Dona Nilzete. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kada ka sake ba kowa haƙuri kan rubutunka.

Bari in fara da mahaifinka. Hankalinsa ƙalau yake, kuma ba raina alkawarin kakanka yake yi ba. Wani alkawarin ne ya danne shi, wanda ya yi wa matarsa bai cika ba, yana ƙoƙarin cikawa bayan lokaci ya ƙure. Tafiye-tafiyen ma ba abin kunya ba ne. Aikin hannun mahaifiyarka ya isa a gan shi a ko'ina, tsohuwar nan ta São Paulo shaida ce.

Goggonka tana da gaskiya cewa abin ya isa haka. Hanyarta ce ban yarda da ita ba. In ka yi masa yaji, wataƙila a yanka bijimin, amma zai tsaya a gaban turke a matsayin wanda aka fi ƙarfi. Wannan rana tasa ce, dole ya kai kansa da ƙafarsa.

Kai ma da naka. Gyaran da kake yi a ɓoye tausayi ne, amma shi ke ba shi damar cewa bai gani ba. Ka daina daga yau.

Cikin makon nan, da rana, ku biyu kawai, ka ɗora fatar a kan gangarta ka roƙe shi ya shiga ƙarƙashi. Na tabbata ya daɗe rabonsa da wurin, in ma ya taɓa shiga. Ya ga inda haske ke ratsa karammiskin, ya ga zarenka a gefen nata. In ya fito ka miƙa masa gwangwanin. Kada ka yi wa'azi, kada ka ambaci Goggo.

Sannan ka gaya masa abu ɗaya, wanda nake jin babu wanda ya faɗa masa. Kakanka ya yi alkawarin baftisma da rawa da yanka. Bai yi alkawarin warware fata ba, wannan rashin hali ne ya kawo shi. Abin da mahaifinka ke tsoro ba igiya ba ce, ranar da za a sa almakashi a ɗinkinta yake tsoro. Ka yi masa alkawari wannan fata ba za a taɓa ta ba. A sa ta a gilashi, nesa da laima, a rataye a rumfar wasanku inda zai zauna ya yi hira da ita duk lokacin da ya so. Matar nan ta birni za ta san masu adana tsofaffin yadi, ka tambaye ta.

In ya amince, a yanka bijimin bayan Ista, a fara sabuwar fata nan take. Lokaci ya yi kaɗan, saboda haka a yi mai sauƙi. Wa zai ɗinka? Wanda ya shekara goma sha ɗaya yana kallon bayan allurarta. Goggo da matan ƙauye su taya ka, bakinta zai ragu in hannunta na aiki. Duwatsun gwangwanin nan su za ka fara ɗorawa. Ta haka al'adar Innarka ba ta yanke ba, kuma ba a warware komai ba, da kansu suka sauko.

Portugal, ku roƙi a ɗaga zuwa Agusta, ku je da sabon bijimi. In ba ta yiwu ba, ku yi godiya ku bari. Kafin kowace tafiya kuma, likita ya duba ƙafar nan. Kumburin ƙafa ɗaya da dogon zama a mota ba abin wasa ba ne, kada ka jira ƙarshen wata.

Zai iya ƙi a karon farko. In ya ƙi, ka gaya masa a hankali, ku biyu, cewa za ka bi shi ko'ina, amma jajibirin Waliyyi a gida za ka yi shi. Ka faɗa sau ɗaya, ka ba shi lokaci.

Saura kai. Ka ce ba ka samu sararin kuka ba, amma ka ba ni labarin ƙanshin man zafi. Ba mahaifinka kaɗai ke gudun ranar nan ba, ɗana, kai dai ka samu inda ba a ganin fuskarka. Ranar yanka, ka gudu ka ɓuya yadda aka saba, amma kada ka wahalar da masu igiya. In an ɗage bijimin daga kanka, kada ka zame bayan rumfa. Ka tsaya kusa da shi a gaban turke, fuskarka a buɗe, ku yi kukan da kuka riƙe tun watan Yuli.

Allah ya ba ku dangana, ya kai mu Yuni lafiya. In ka ɗinka mai kwalekwale, ka mayar masa da malfarsa.

Dona Iraci