Cikin Tafi Huɗu

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni ce babbar 'yar maginiyar tukwanen da kika shekara biyu kina zama gabanta da rakoda, wai kuna adana sanin mutanen da. Tun rasuwar Inna ko ƙeyarki ba mu gani ba, sai littafinki.

A shafi na arba'in kin rubuta cewa garin tsingaro, wato dakakkun fasassun tukwane, cikin tafi huɗu ake zuba wa kowane kwandon yumɓu. Ni kuwa shekara talatin Inna tana ce min uku. Na ce to, ashe baƙuwa aka ba na gaskiya, na koma huɗu. Sau biyu ke nan ina gasa randunana suna yoyo kamar rariya, masu saye sun fara sauya hanya.

Ki faɗa min tsakani da Allah: ke kika murɗe lissafin don kada kowa ya kwaikwaya, ko uwata ce ta ɓoye min? Na fi son ya zama ke ce.

Ki huta lafiya,
'Yar maginiya

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah Ya jiƙan Inna, ki yafe min rashin zuwa.

Ban canza ko wasali ba. Na sake sauraron muryarta sau biyar, huɗu ta ce. Sai dai ni ma akwai abin da ke cina. Ɗalibaina maza sun gwada a jami'a, babu tukunyar da ta riƙe ruwa. Har na fara zargin Inna ta yi min wayon manya, ta sallame ni da na bogi. Amma tulun da na gina a gabanta, da huɗun nan, yana ofishina bai taɓa ɗiga ba. Idan kin san wani abu da kuke riƙewa a gida, don Allah kada ki bar ni ina koyar da kuskure.

Taki,
Malama

*

Malama,

Gaisuwa. Wato yanzu mu ne masu ɓoyo? Ba laifi. Ki ɗora tafinki na dama a kan farar takarda, ki zagaye shi da biro, ki aiko min. Kada ki tambaye ni dalili.

'Yar maginiya

*

Yaya,

Ga shi. Abokan aikina sun ce kada in aika, wai ba a san abin da za a yi da shi ba. Duk da haka na aiko.

Malama

*

Ƙanwata Malama,

Ina gaishe ki, kuma ki kwantar da hankalinki, ban kai wa kowa ba. Na ɗora hannuna a kan naki, ya rufe shi ruf har da ragi. Hannun babanmu na gada, kamar faranti. Naki huɗu shi ne nawa uku.

Inna ba ta cuci kowa ba. Hannun mutum take fara kallo kafin ta faɗi adadi, rakodarki kuwa ba ta da ido. Na yi kuka, don wata biyu ina jin haushin matar da ke kabari.

Kada ki gyara shafin daga ofis. Ki zo ranar da zan kwaɓa yumɓu, ki taho da ɗaliban nan, ina son ganin hannuwansu.

Yayarki