Rasuwar Malam Layi-Biyu da Masarar da Ya Bari a Tsaye

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ƙananan Manoma, maza da mata, ta samu labarin rasuwar babanmu kuma malaminmu, dattijon arziki, tsohon babban malamin gona na yankinmu, wanda yaro da babba suka sani da Malam Layi-Biyu. Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a asibiti, bayan ya yanke jiki ya faɗi a kan kunya cikin gonar gwaji, fartanya na hannunsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san marigayin ba, ba a banza ya samu wannan suna ba. Duk irin shukar da aka aiko masa daga ofis, komai kyan buhunsa, ba ya cewa manomi ya zubar da nasa. Sai ya ja igiya ya fitar da layi biyu, ɗaya na irin da manomin ya gada, ɗaya na sabon, a shuka rana ɗaya, a ba su taki daidai, sannan ya ce kowa ya kama bakinsa sai kaka. Mun sha tsokanarsa cewa ko shayi aka miƙa masa sai ya nemi kofi na biyu ya gwada. Yakan yi dariya ya ce shi dai ba zai sa mai gona ɗaya tal ya yi caca da abincin 'ya'yansa ba.

Wannan hali ya jawo masa abin da ya jawo masa. Shekarar da manyansa suka matsa a raba wani iri ga kowa ba tare da gwaji ba, ya ƙi. Aka karɓe babur ɗin aiki, aka mayar da teburinsa ɗakin ajiya kusa da tankokin feshi. Bai fasa zuwa ba. Da ƙafa ya riƙa shigowa gonakinmu, yana buɗe zuciyar masara da yatsa yana nuna mana tsutsa tun tana ƙarama. Ko da ya yi ritaya, gonar gwaji ba ta san ya yi ba.

Ba mu so mu haɗa ta'aziyya da ƙorafi ba, amma an kai mu bango, kuma ranmu a ɓace yake. Tun ana zaman makoki wasu daga ofishin gona suka zo gonar tare da wani ɗan kwangila, ɗauke da tef ɗin awo da turaku, suka ce za a share ta cikin makon nan a gina rumbun sayar da iri. Su ne dai waɗanda suka aiko da gaisuwa suna kiran marigayin gwarzo. To, gwajinsa na ƙarshe yana tsaye a gonar, masarar ta yi goyo amma ba ta nuna ba. Layi ɗaya na sabon irinsu ne. Ɗayan kuwa na tsohon irin nan ne mai saurin nuna, mai jure yankewar ruwa, wanda ƙwari suka cinye a rumbunan mutane bara. Ragowarsa ita ce 'yar wadda wata tsohuwa mai gonar bakin rafi ta kwance daga bakin zanenta ta ba shi, bisa alkawarin zai mayar mata da iri. Idan katafila ta bi ta kan layin nan, irin ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka ƙungiya na sanar da masu girma shugabannin ofishin gona, da mai kwangilar, cikin ladabi amma ba da wasa ba, cewa babu injin da zai taka gonar nan kafin girbi. Mun ciccire turakunku, mun ɗaure su tsaf, suna inuwar ƙofar gonar, mai su ya zo ya ɗauka. Mambobinmu suna gadi bi da bi, ba sanda, ba zagi. Ranar girbi za mu auna layukan biyu a gaban kowa, kuna cikin waɗanda muka gayyata. Idan naku ya fi, mu da bakinmu za mu faɗa, domin marigayin da kansa ya shaida wa babbar 'yarsa cewa sabon irin yana ba shi sha'awa bana. Haka ya koya mana, ba za mu yi masa ƙarya a gonarsa ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, uwarmu, da 'ya'yansa da jikokinsa da ƙannensa, da ɗaukacin malaman gona da suka taso a hannunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aikinsa ya bi shi, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Igiyar marigayin tana hannun babbar 'yarsa. Ita za ta karya masarar farko, ta kai wa tsohuwar nan irinta kamar yadda mahaifinta ya yi alkawari. Bayan nan, a zo a yi maganar gini.

Sa hannu:
Baban Tagwaye,
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ƙananan Manoma,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi.